Gargaɗi: Muna Kwana da Wuta a Ƙarƙashin Matashi

Jama'a, da hannunmu muke kashe batiran wayoyinmu. Batirin da aka kashe kuwa ba ya mutuwa shi kaɗai, wani lokaci da gida yake tafiya.

Batirin waya, na fawa banki da na kwamfutar tafi-da-gidanka duk na litiyam ne. Babban maƙiyinsa shi ne zafi. Kamfanin Apple da kansa ya yi kashedi cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya rage wa batir ƙarfi, kuma ƙarfin ba ya dawowa. To, a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin bazara kan wuce digiri 40.

A cikin wannan ƙunar muke barin waya a gaban mota, rana na dukanta. A cikin ƙunar nan yaro ke jona caji yana buga wasa, waya na ƙona masa hannu, bai ajiye ba. Dare ya yi, a cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji har asuba, babu ta inda zafi zai fita.

Ya zama wajibi mu daina. A yi caji a inuwa, a kan tebur ko daɓe. In waya ta ɗau zafi, a zare ta, a cire mata riga, a bari ta huce.

Akwai kuma tsohuwar magana wai sai batir ya mutu murus sannan a jona shi. Wannan zancen batiran nikel ne na da. Na litiyam yana galabaita in ana ƙarar da shi, yana galabaita in ana barin sa cike maƙil na tsawon lokaci. Tsakanin kashi 20 da kashi 80 ya fi daɗewa. Mun sani, ƙarancin wuta ne ke sa kowa cikawa da zarar an kawo. Uzuri ne na gaske. Amma bai halatta jabun cajar da ake saya don arha ba, wadda ba ta daidaita wutar da take turawa, balle a kan janareta mai hawa da sauka.

Ya zama wajibi masu shagon caji da 'yan kasuwar waya su ji tsoron Allah. Wanda ya sayar da jabu yana sane, yana da kamasho a duk asarar da ta biyo baya.

Mafi muni shi ne batirin da ya kumbura. Iskar gas ce ta taru a ciki. Amma sai ka ga an ɗaure waya da roba, an danne gilashin da ya ɗago, an miƙa wa yara! In ya fashe, wutarsa na da wuyar kashewa.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. A shekarar 2016, Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka fawa banki a jakar da ke shiga ɗakin kaya. Su da injiniyoyinsu suna tsoro, mu muna kwana da shi a gado.

Ya zama wajibi iyaye su duba wayoyin gidansu yau. Ya zama wajibi malamai da masu unguwanni su yi magana, domin wanda ya gani ya yi shiru, da shi aka yi. Duk batirin da ya kumbura a kashe wayar nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, a kai wa mai gyara ya canza.