Kifin da Teku Ya Tofo: Ba Kowane Dafi Wuta Ke Kashewa Ba

Duk ranar da aka wayi gari da matattun kifaye jibge a bakin teku, kafin jami'an lafiya su sa takalmi masu daro da buhu sun kwashe rabi. Haka aka yi a Ghana cikin watan Afrilun 2021. Kifaye suka fito a mace a gaɓar Osu da ke Akra, a wajen Aksim kuma ruwa ya turo dabbobin nan da ake kira dolfin sama da 60. Mutane suka yi wawaso, wasu suka yanka suka yi banda, har sai da hukumomi suka riƙa roƙon duk wanda ya ci ya fito a duba shi. Babu wanda ya tsaya tambayar abin da ya kashe su kafin ya cika daronsa. Kuma idan ka yi magana, amsa ɗaya ce daga Legas har Takoradi: "Ai za a dafa, wuta na kashe komai." Wannan maganar ce ta ishe ni, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Cikin manyan abubuwan da ke kashe kifi da yawa a lokaci guda akwai ambaliyar gansakuka. Kowa ya san gansakuka, korayen nan da ke rufe kududdufi da bazara. A teku ma akwai danginta iri-iri. Wasu ƙanana ne, ido ba ya ganinsu sai sun taru sun rine ruwa ya koma ja ko kore ko ƙasa-ƙasa, wasu kuma manya ne masu reshe da ganye, su ake kira ciyawar teku. A daidai ƙima ba su da laifi, su ne ma tushen abincin kifi. Matsala tana farawa ne idan suka sami taki fiye da ƙima ga zafi ga hasken rana. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gonaki, kashin dabbobi, ruwan kwata da na masai da birane ke sakarwa teku, duk abinci ne a wurinsu. Sai su hayayyafa cikin kwanaki, idan sun mutu su ruɓe, ruɓewar ta zuƙe iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Wasu nau'o'in kuma dafi suke fitarwa kai tsaye.

Mu a Afirka ta Yamma wadda ta fi addabarmu ita ce sagasum, ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ƙananan ƙwallaye masu iska da ke sa ta yawo a saman ruwa. Da can a wani yanki na arewacin tekun Atlantika aka san ta. Daga 2011 sai ta buɗe sabon gida a tsakiyar tekun, tsakaninmu da Kudancin Amurka. A watan Yunin 2018 masana a Jami'ar Kudancin Fulorida sun auna ta da tauraron ɗan'adam, suka ga ta miƙe tsawon kilomita 8,850 daga gaɓarmu har Mashigin Tekun Meziko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. A 2025 ta zarce miliyan 30. Ana danganta wannan da takin da kogin Amazon ke kwasowa, da ruwan ƙarƙashin teku mai albarka da ke tasowa a gaɓar Afirka, da ƙurar Sahara, da ɗumamar ruwa. A yammacin Ghana masunta da yawa sun ɗora laifin a kan haƙar mai, saboda an fara haƙo shi a rijiyar Jubilee a ƙarshen 2010, sai ga ciyawa a shekarar da ta biyo. Amma a shekarar nan ɗin ta sauka a tsibiran Karebiyan da ke can ƙetaren teku.

Abin da take yi wa yawon buɗe ido ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita. Tana cikin ruwa ba ta da wari. Da ta kwana biyu a kan yashi sai ta fara ruɓewa, ta yi baƙi, ƙuda ya taru, warin baragurbi ya cika unguwa. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi da na otal don ya ga farin yashi da shuɗin ruwa, ya tarar da tsibin ruɓaɓɓiyar ciyawa har gwiwa, ba zai ƙara kwana ba, kuma kafin ya hau jirgi hoton ya zaga Facebook. Barbados ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ciyawar a 2018. Meziko, da ke cin abinci da gaɓar Kankun, sai da ta ɗora wa sojojin ruwa aikin tare ciyawar a 2019. A Fulorida kuwa ƙananan gansakuka ne suka rine ruwa ja, jan ruwan da ya fara a ƙarshen 2017 ya kai har farkon 2019, ya kashe kifi da kunkurun teku da ayu, iskar da ke kaɗowa daga ruwan tana sa mutane tari, gidajen abinci na bakin gaɓa suka zama kufai. A nan kusa, gaɓar Lumley a Firitawun da garuruwan Nzema na Ghana sun sha wahalar sagasum. Kuma ba mai otal ne ya fi jin jiki ba. Shi yana da kuɗin hayar katafila. Mai suya, mai ɗora yara a doki, mai tallar takalman fata da huluna, mai ɗaukar hoto, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka je cin rani, su ne ke komawa gida hannu rabbana. Masunci kuwa ya jefa taru ya jawo ciyawa, ya wuni yana tsincewa, wani lokaci tarun ya yage, ko ciyawar ta naɗe farfelar injinsa.

To, mu koma kan wuta.

Inda aka samo ruɗun shi ne, wuta da gaske tana kashe ƙwayoyin cuta. An koya mana tafasa ruwa saboda kwalara da taifod, kuma koyarwar daidai ce. Ƙwayar cuta abu ne mai rai, zafi na kashe ta. Dafin gansakuka kuwa sinadari ne, ba shi da ran da za a ɗauke. Ka dafa, ka soya, ka yi banda, ka shanya, ka sa a firiza, yana nan daram. Duk matar da ta taɓa zarce gishiri a miya ta san ƙara wuta ba ya gyara ta, ruwan ne ke ƙonewa gishirin ya ƙara fitowa. Haka dafin yake. Shi ya sa a watan Agustan 2014, da gansakuka ta rufe wani sashe na tafkin Erie a Amurka dafinta ya shiga ruwan famfon birnin Toledo, sanarwar da aka yi wa mutum wajen 400,000 ita ce kada su sha, kuma kada su tafasa. Kusan kwana uku birni guda yana layin ruwan gora.

Wanda yake ganin wannan tsoron Turawa ne kawai, ga abin da ya faru a Gwatemala a 1987. A gaɓar Champerico mutane suka ɗebo ƙumba, irin halittun nan masu ɓawo biyu da ke tace ruwa su ci abin da ke ciki, suka yi miya da ita. Dafaffiyar miya, ba ɗanya ba. Mutum 187 suka kwanta, 26 suka rasu, kuma yara ne abin ya fi yi wa ɓarna. A wannan shekarar dai, a Kanada, sama da mutum 100 suka kamu bayan cin irin waɗannan halittu daga tsibirin Yarima Edward, uku suka mutu, wasu suka tashi ƙwaƙwalwarsu ba ta iya riƙe sabon abu. A garin Caruaru na Burazil kuwa, a 1996, ruwan dam mai gansakuka aka yi amfani da shi a cibiyar wankin ƙoda, majinyata fiye da 50 hantarsu ta lalace suka mutu. Waɗannan dafin ba su da ɗanɗano, ba su da wari, ba sa canja kamannin nama. Uwargida ba za ta gane ba, mai sayarwa ba zai gane ba, ni ma ba zan gane ba.

Akwai masu kawo hujjar addini, su ce mushen teku halal ne. Gaskiya ne, a mazhabarmu ta Malikiyya kifi ba ya buƙatar yanka, kuma wanda ya mutu da kansa ya halatta. Amma halaccin jinsin abu daban, cin abin da ka san zai iya halaka ka daban. Zuma ma halal ce, idan guba ta faɗa ciki babu malamin da zai ce ka sha. Haka nan malaman fiƙihu sun ce ruwan da gansakuka ta canja masa launi bai fita daga tsarki ba, amma ba su ce ka kurkure baki ka shaƙa a hanci da ruwan da shanu suka sha suka faɗi ba. Wanda kuma ya kwashi kifin da bai san sanadin mutuwarsa ba, ya turara shi da hayaƙi don ya ɓoye aibinsa, ya cusa a kwali ya ɗora a motar Arewa, wannan ba neman halal yake yi ba. Algus ne, kuma idan yaron wani ya mutu, haƙƙin yana wuyansa ko da ba a taɓa gano shi ba.

Wani zai ce ai a yankin tafkin Chadi matan Kanembu sun daɗe suna tace wani koren abu daga tafkuna, su shanya a kan yashi su yi miya da shi, wanda suke kira dihe. Haka ne, kuma abinci ne mai gina jiki, har a kantunan Turai ana sayar da irinsa. Sai dai nau'i ne guda sananne da ke fitowa a ruwan kanwa, matan nan kuma sun gaji saninsa kaka da kakanni. Wannan bai wanke kowane koren ruwa ba. A Botsuwana giwaye sama da 300 suka mutu a 2020, hukumomin ƙasar suka ce dafin gansakukar ramukan ruwan da suke sha ne. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya?

Ita ma ciyawar da ke jibge a kan yashi ba wurin wasa ba ce. Warin baragurbin nan iska ce mai guba da ake kira haidurojin salfaid. Kaɗan daga cikinta na sa ciwon kai da jiri da raɗaɗin ido, ta tayar wa mai asma da ciwonsa. Idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. A tsibiran Gwadalup da Martinik likitoci sun ga sama da mutum 11,000 da ta taɓa cikin wata takwas a 2018, har firiji da talabijin take lalatawa a gidajen bakin gaɓa. A yankin Biritani na Faransa, inda kashin gonakin aladu ke ciyar da koriyar ciyawar teku, wani doki ya zurma cikin ruɓaɓɓen tsibi a 2009 ya mutu nan take, mahayinsa aka ciro shi a sume. Saman tsibin yakan bushe ya yi ɓawo, gubar tana ƙunshe a ƙasa, sai an taka ta fashe. Masu dokin haya a bakin ruwan Legas da na Labadi da ke Akra, wannan labarin naku ne.

Saboda haka, idan an tafi yawon Sallah bakin teku aka tarar ruwa ya canja launi, ko kumfa mai kauri ta taru, ko ga matattun kifaye, a haƙura da wanka a ranar. Kada a bar yara su hau tsibin ciyawa ko su tona shi. Iskar ta fi taruwa kusa da ƙasa, daidai tsayin yaro da wanda ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Mai ciki, tsoho, mai asma, su yi nesa gaba ɗaya. Wanda ya riga ya shiga ruwan ya yi wanka da ruwa mai kyau da sabulu, a wanke kayansa. Masu aikin kwashewa su kwashe ta tun tana ɗanya, da safar hannu da takalmin roba, kada mutum ya yi aikin shi kaɗai, kuma a zubar da ita nesa da rijiya. Masu otal su daina sa katafila ta kankare yashi har da ƙwan kunkuru, gaɓar da suke cin abinci da ita suke zaizayewa.

Masu kiwon raguna a zango-zango, kada araha ta ruɗe ku ku ce ga harawa kyauta. Sagasum tana tara sinadarin asenik mai guba a jikinta, ga gishiri. Ba a ba dabba, ba a zuba ta haka nan a lambun alayyafo da latas. Makiyayi da ya ga tafki ko dam ya yi kore shar da bazara ya kora shanunsa gaba. Uwargida kuma, idan kika ji an yi mutuwar kifi a wata gaɓa, sannan kika ga banda ta faɗi warwas a kasuwa, ki tambayi inda aka samo. Ƙumba da danginta, da kayan cikin kifi da hantarsa, nan dafi ya fi taruwa.

Idan kuwa wani ya ci ya fara jin leɓensa da harshensa suna tsitstsira ko sun mutu, ko yatsunsa sun yi sanyi, ko maganarsa ta harɗe, ko numfashi na yi masa wuya, to ba lokacin ɗura masa manja ko madara ba ne. Dafin da ke shanye jiki ba shi da makari. Abin da ke ceton mutum shi ne a taimaka masa da numfashi har jikinsa ya fitar da shi, kuma wannan sai a asibiti. A ɗauke shi nan take, a tafi da ragowar abincin, a kuma sanar da duk wanda ya sa hannu a kwanon.