Abin da Ke Shanye Batirin Waya Bayan An Sabunta Ta

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mutum yakan sabunta manhajar wayarsa da dare, kashegari sai ya ga batirin da ke kai shi magariba ya mutu tun kafin azahar. To, kada ya yi garajen kai ta kasuwar Kafanchan a sake masa batiri. Bari mu duba dalili tukuna.

Sabunta waya kamar ƙaura ne zuwa sabon gida, tilas a sake jera kaya. Wayar takan bi hotuna da saƙonni da manhajoji ɗaya ɗaya tana shirya su, ko tana cikin aljihu. Wannan aiki yakan ɗauki kwana biyu ko uku, shi ne ke shan wuta har ta yi ɗumi. Maganinsa haƙuri, gama sannu ba ta hana zuwa.

In kwana ukun sun wuce ba ta daina ba, ga abin yi. Da fari, kashe ta ka kunna. Na biyu, shiga saiti, wajen batiri, za ka ga manhajar da ta fi ci. Sabunta ta ita ma, domin tsohuwar manhaja ba ta cika jituwa da sabon tsari ba. In ba ka bukatarta, cire ta. Na uku, rage hasken fuskar wayar. Na huɗu, wanda aka tura koyon aikin malanta ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi, kamar na bayan duwatsun Kagoro, ya sani waya takan ƙara ƙarfi wajen neman sabis. Ya kashe data sai lokacin bukata. Kada kuma a bar ta a rana, musamman a watan Maris da Afrilu, gama zafi yana lalata batiri.

Amma fa batiri yana tsufa. Bayan an cika shi ya ƙare wajen sau 500, galibi kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa ke saura. A 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa sabuntawarsa tana rage saurin wayoyi masu tsohon batiri, har Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 don bai sanar da masu saye ba.

Saboda haka in wayarka ta daɗe, ka bi waɗannan duka ba sauƙi, sa'an nan ne za ka nemi sabon batiri. In kuwa ka ga ya kumbura, kada ka ƙara sa shi caji, kai shi wurin mai gyara nan da nan, gama yana iya kama wuta.