Masu koyon piyano don so

Yara, kun san makaɗi. Kun gan shi wurin biki ko wurin kokowa, da kalangu a hammata ko gurmi a hannu. Kiɗa sana'arsa ce, da ita yake ciyar da gidansa. Sau da yawa ma gado ya yi wurin ubansa.

To, akwai wasu mutane daban a duniya. Da rana wani likita ne, wani direba, wata malamar makaranta. In sun tashi daga aiki sai su zauna gaban wani abin kiɗa mai suna piyano, su yi ta fama da kiɗan da wani ya rubuta shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce. Ba mai biyan su ko dala. Da faransanci ana ce wa irin wannan mutum « amateur ». Kalmar ta fito daga harshen latin, ma'anarta mai so. Yau za mu ga abin da suke koyo, da yadda suke koyon sa.

Mene ne piyano?

Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Kiristofori ne ya ƙera piyano na farko a birnin Fulorans, wajen shekarar 1700. Kafin shi akwai wani abin kiɗa mai kama da shi, ana ce masa kilabsan. Amma kilabsan yana da aibi ɗaya: ko ka danna da ƙarfi ko ka danna a hankali, kusan sauti ɗaya yake bayarwa. Na Kiristofori kuwa yana jin hannu. Shi ya sa aka sa masa suna da kalmomi biyu na italiyanci, « piano » da « forte », wato a hankali da kuma da ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya, sai rabin sunan ya faɗi.

A gaban piyano akwai madannai 88 a jere: 52 farare, 36 baƙaƙe. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230. In ka danna madanni ɗaya, wata ƴar guduma mai kan ulu sai ta tashi ta bugi tsirkiya, ta koma wurinta. In ka ɗage yatsa, wani ɗan matashi ya sauka kan tsirkiyar, ta yi shiru. Kun lura da molo? Tsirkiya doguwa mai kauri tana ba da babbar murya, gajera siririya tana ba da ƙaramar murya. Haka abin yake a piyano. Manyan muryoyi suna hagu, ƙanana suna dama.

Tsirkiyoyin nan a ɗaure suke tamau. In aka haɗa ƙarfin jan su duka, ya kai tan 18 zuwa 20. Itace kaɗai ba ya iya riƙe wannan, don haka ake sa ƙashin ƙarfe a ciki. Babban piyano na ɗakin wasa yana kusan kilo 500.

Karatu da hannu biyu

Makaɗinmu da kunne yake koyo, yana bin maigidansa. Mai piyano kuwa sai ya koyi karatu, domin kiɗan a rubuce yake. Ana jan layi biyar a kwance, ana ɗora ɗige-ɗige a kansu da tsakaninsu. Ɗigon da ke sama ƙaramar murya ne, na ƙasa babba. Siffar ɗigon kuma tana faɗa maka tsawon lokacin da za ka riƙe shi. Sunayen sautin bakwai ne, kun sha rera su a aji: do, re, mi, fa, sol, la, si. Wani malamin addinin kirista na Italiya mai suna Gido, mutumin Arezo, shi ya kawo shida daga cikinsu kusan shekaru dubu da suka wuce. Na farkon « ut » ya kira shi, daga baya aka mai da shi « do ».

Ga inda wuyar take. Layukan kashi biyu ne: biyar na sama don hannun dama, biyar na ƙasa don hannun hagu. Kuma ɗigo a wuri ɗaya ba suna ɗaya gare shi ba a sama da ƙasa. Ku da kuke karatu da hausa da faransanci kun san irin wannan. Harafin « c » a « ciki » daban ake faɗin sa da « c » a « cahier ». Sai dai ku, shafi ɗaya kuke karantawa a lokaci ɗaya. Mai piyano yana karanta biyun tare, ido ɗaya, hannu biyu.

Yatsu ma suna da lamba. Babban yatsa shi ne 1, ƙaramin yatsa shi ne 5. Ku ɗora hannu kan tebur, kan yatsu biyar suna taɓa shi. Ku ɗaga na 2. Da sauƙi, ko? Yanzu ku ɗaga na 4 shi kaɗai. Kun ji yadda ya ƙi? Jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa. Duk mai koyon piyano ya yi rigima da wannan yatsa.

Kiɗan da aka fi farawa da shi

A shekarar 1725, a ƙasar Jamus, shahararren makaɗi Bak, wanda ake rubutawa Bach, ya ba matarsa Ana Magdalena wani kaye. Ita mawaƙiya ce, tana kuma kaɗa kilabsan a gida. Mutanen gidan suka riƙa rubuta ƙananan kiɗe-kiɗe a ciki. Ɗaya daga cikinsu kiɗan wata rawa ce ta fadar Faransa, ana ce mata « menuet », mai taku uku-uku. Gaɓoɓinsa 32 ne kacal. Har yau yana cikin abin da ɗan koyo ke farawa da shi. An daɗe ana cewa Bak ne ya tsara shi. Sai a cikin shekarun 1970 wani mai bincike ya nuna cewa na Kiristiyan Petzol ne, wani makaɗi na birnin Diresden. Bak aro ya yi don iyalinsa.

Wani makaɗin Jamus, Robar Shuman, ya so ya zama gwanin piyano. Yana saurayi ya matsa wa hannunsa da aiki, hannun dama ya sami lahani, ya daina kiɗa gaban jama'a. Sai ya koma tsara kiɗa. A 1848, da ƴarsa Mari ta cika shekara bakwai, ya rubuta mata wasu ƙananan kiɗe-kiɗe. Ya ci gaba da ƙarawa har suka kai 43, aka buga su littafi ɗaya don yara.

Amma wanda ya fi jawo manya zuwa gaban piyano shi ne wani ɗan kiɗa na Betoben, wato Beethoven. Faransawa suna ce masa « La Lettre à Élise ». Ya rubuta shi a 1810. Ya mutu a 1827 ba a buga shi ba, sai a 1867 wani ya fito da shi. Wace ce Eliz ɗin? Masana suna ta gardama a kai har yanzu. Farkon kiɗan yana da daɗi, yana da sauƙi: yatsu biyu suna kai da kawowa tsakanin farin madanni da baƙin da ke kusa da shi. Mutum ya yi wata ɗaya ko biyu, sai ya ga ya iya. Nan ne tarkon yake. In ka buɗe shafi na gaba, hannun dama sai ya shiga gudu. Can gaba kuma hannun hagu yana buga sauti ɗaya sau da yawa a jere, ba gaggawa, ba jinkiri. Mutane da yawa a shafin farko suke tsayawa har tsufa.

Yaya ake bita?

Ɗan koyo yakan yi kuskure ɗaya babba. Yana farawa daga farko, yana tafiya da sauri, ya kai wuri mai wuya, ya yi tuntuɓe, ya koma farko. Ya sake zuwa, ya sake tuntuɓe a wuri ɗaya. In ya yi haka sau goma, me ya koya? Tuntuɓen ya koya. Yatsa bai san daidai ba, bai san kuskure ba. Abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa, kamar yadda ƙafa ke fitar da hanya a cikin gona in ana bin wuri ɗaya kullum.

Malaman piyano suna ba da wata dabara. Ka nemo wurin da ya fi ba ka wuya, ko da gaɓa biyu ce. Ka kaɗa ta da hannun dama kaɗai, sannu-sannu, yadda ba za ka yi kuskure ba. Ka kaɗa da hannun hagu kaɗai. Ka rubuta lambar yatsa da fensir a kan kowane ɗigo mai wuya, kada ka canza ta gobe. Sa'an nan ka haɗa hannu biyu, ka ƙara rage gudu. In ya fita daidai sau da yawa a jere, sai ka haɗa shi da gaɓar da ke gabansa da wadda ke bayansa.

Akwai wata ƴar na'ura mai taimako, sunanta metoronom. An fara sayar da ita wajen 1815. Tana ƙwanƙwasa kamar agogo. In ka sa ta a 60, bugu ɗaya take yi kowace daƙiƙa. Ɗan koyo yana farawa a nan, gobe ya kai ta 64, jibi 68. Ba ta jin kunyar kowa: in ka yi gaggawa a wuri mai sauƙi, ka ja ƙafa a wuri mai wuya, nan take za ta tona maka asiri.

Minti ashirin kowace rana ya fi awa uku ranar lahadi. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana gyara abin da hannu ya koya lokacin da mutum yake barci. Sau da yawa wurin da ya ƙi da dare, da safe sai ka same shi ya yi laushi. In kuma hannu ya fara ciwo, a tsaya.

Wani Bafaranshe mai suna Hanon ya buga littafin motsa yatsu guda 60 a 1873. Wasu malamai suna yabon sa ƙwarai. Ni dai ban cika son sa ba, domin mutum yana iya yin awa ɗaya yatsu suna gudu, hankali yana kasuwa. Na san abin da nake faɗi. Na haura shekara arba'in na fara koyo, da wani ƙaramin piyano mai batir. Wata uku na yi kan « menuet » ɗin Petzol. Ni da nake zagaya makarantu ina ce wa malamai su yi haƙuri da yaron da ke karatu yana tsayawa, sai a lokacin na tuna yadda yaron yake ji.

Ina za su kai?

Wasu suna kai nesa. Wani Bature mai suna Alan Rusbirija ya shugabanci jaridar The Guardian ta Ingila daga 1995 zuwa 2015. Yana da shekara hamsin da ƴan kai ya ɗauki niyyar koyon wani kiɗa mai tsananin wuya na Shopen, makaɗin Polan, wanda ake kira « Ballade » ta farko. Kiɗan bai fi na minti goma ba. Ya riƙa ba shi kamar minti ashirin kowace safiya kafin ya tafi ofis. A 2011 ya je Libiya don a sako wani ma'aikacinsa da aka tsare, ya sami piyano a otel a Tarabulus, ya zauna ya yi bitarsa. Ya yi fiye da shekara kafin ya kaɗa shi gaban mutane. A birnin Pari kuma, a 1989, wani malamin ilimin tattalin arziki, Jerar Bekarman, ya kafa gasa ta masu piyano don so. Likitoci, lauyoyi da injiniyoyi daga ƙasashe da dama sun shiga ta. Mafi yawan masu koyo kuwa ba su zuwa gasa. Iyalinsu da maƙwabta ne kaɗai ke jin su.

A ƙasarmu piyano na itace kaɗan ne. Yana da tsada, kuma iskarmu ba ta yi masa daɗi. Da hunturu itacen ya bushe ya tsuke, da damina ya sha laima ya kumbura, sai tsirkiyoyi su saki, murya ta karkace. Ko a Turai sai an kira mai gyaran murya sau ɗaya ko biyu a shekara. Abin da aka fi gani nan shi ne na lantarki, galibi mai madanni 61. Da wani ɗan'uwansa, mai suna orga, Mamman Sani ya yi kaset ɗinsa a Yamai a 1978. Shi ma ma'aikaci ne, kiɗa don so ya fara. Nasa kiɗan ya tsara, ba na Turai ba, kuma mu da muke yara a lokacin mun sha jin sa a rediyo da tele tsakanin shiri da shiri.

Yanzu ku ɗauki takarda. Ku zana farare takwas a jere, faɗin kowane santimeta biyu da ɗan kai. Ku rubuta do, re, mi, fa, sol, la, si, do. Ku zana baƙaƙe biyu, ɗaya tsakanin do da re, ɗaya tsakanin re da mi. Ku tsallake tsakanin mi da fa. Ku zana baƙaƙe uku tsakanin fa da si. Ku ɗora babban yatsan dama kan do, sauran huɗu kan re, mi, fa, sol. Malam zai tafa hannu sannu-sannu. Kowane tafi, yatsa ɗaya ya sauka, baki ya rera sunan: daga 1 zuwa 5, daga 5 a komo 1. In dama ta iya, a ba hagu, amma ita da ƙaramin yatsa za ta fara.