Nguru da Gashuwa: Yadda ƙarancin kalmomin Turanci ke tare wa ɗalibai ƙofar jami'a

Yaron da ya tashi a Gashuwa yakan shiga firamare da harsuna biyu a bakinsa, Badanci a gida, Hausa a kasuwa. Takwaransa na Nguru kuwa sau da yawa da Manganci ko Fulatanci ya buɗe baki. Turanci kan zo musu a matsayin harshe na uku, amma shi ne ke riƙe da makullin karatun gaba: sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ake samun gurbi a jami'a, kuma darasi ne na dole a JAMB. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana bakin ƙofarsu, amma ƙa'idarta ɗaya da ta Legas.

Ba wai yaran ba su san kalmomin Turanci ba ne. Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930, kalmomi irin su tasha, direba, tikiti da lebura suka zauna a bakin jama'a. Matsalar ita ce kalmar aro takan shigo da ma'ana ɗaya tak, ta bar sauran a baya. Ɗalibin da ya girma a gaɓar kogin Yobe ya san banki wurin ajiyar kuɗi ne. Idan ya karanta a takardar jarrabawa cewa masunta sun zauna a kan "bank", sai ya rikice, alhali gaɓar da yake wanka kullum ake nufi.

Akwai kuma tarkon da Hausar kanta ke ɗanawa. Bahaushe yana shan ruwa, ya sha magani, ya sha taba, ya sha wahala, duk da aikatau guda. Turanci ya raba su zuwa "drink", "take", "smoke" da "suffer". Haka "ji" ya haɗa sauraro da ƙamshi da zafi da fahimta. "Ara mini biro" kuwa shi ke haifar da "borrow me", inda "lend" ya dace. Haddar jerin kalmomi da ma'anarsu a allo, wadda har yau ake yi a azuzuwa da dama, ba ta magance wannan. Kalma sai an gan ta cikin jimla, tare da abokan tafiyarta, sau da yawa.

Masanin harshe Paul Nation na ƙasar New Zealand ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu na buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba. Wannan adadi karatun yau da gobe ne ke tara shi, ba darasin minti arba'in ba.

Abin mamaki, yankin na da kayan aikin da ba a cika waiwaya ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, tare da 'yan ƙasar Bade, sun wallafa ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa, ɗaya na karin harshen Gashuwa, ɗaya na Bade ta yamma. Malamin da ya samu kwafinsa zai iya nuna wa ɗalibi kalma guda a harsuna uku a layi ɗaya, ya fara daga wadda yaron ya ji a bakin kakarsa.