Jeff Astle

Jeffrey Astle (13 ga Mayu 1942 – 19 ga Janairu 2002) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Ingila wanda ya buga wasa a matsayin ɗan wasan gaba. Ya yi suna a ƙungiyar West Bromwich Albion, inda magoya baya suke kiran sa "Sarki". Bayan rasuwarsa, binciken hukuma ya danganta ciwon ƙwaƙwalwar da ya kashe shi da yawan buga ƙwallo da kai, lamarin da ya sa aka fara tambayar ko wasan na yi wa 'yan wasa illa a ƙwaƙwalwa.

Sana'ar ƙwallo

An haife shi a garin Eastwood da ke yankin Nottinghamshire. Ya fara wasa a Notts County, sannan West Brom ta saye shi a shekarar 1964 kan fam 25,000. A cikin shekara goma ya buga mata wasa 361, ya ci ƙwallo 174. An fi sanin sa da gwanintar sa wa ƙwallo kai, duk da cewa ƙwallon da aka fi tunawa da shi a kanta da ƙafar hagu ya ci: ita ce wadda ta bai wa West Brom kofin FA a 1968, lokacin da ta doke Everton da ci ɗaya da nema a ƙarin lokaci. A kakar 1969 zuwa 1970 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a babban rukunin Ingila, da ƙwallo 25. Ya buga wa Ingila wasa biyar ba tare da ya ci ko ɗaya ba, har da wasan da Brazil ta doke su a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko.

Rashin lafiya da rasuwa

A shekarunsa na ƙarshe ya kamu da ciwon mantuwa mai tsanani. Ya rasu yana da shekara 59. A watan Nuwamba 2002, jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa cutar da aikinsa ya jawo masa ce ta kashe shi. A zamaninsa ƙwallon fata ake bugawa, wadda ke shan ruwa ta yi nauyi idan an yi ruwan sama.

A 2014 Dokta Willie Stewart, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa a birnin Glasgow, ya sake duba ƙwaƙwalwar Astle, ya gano yana da cutar da ake kira CTE a taƙaice, wadda a da aka fi sani a jikin 'yan dambe. Ba bugu ɗaya mai ƙarfi ke kawo ta ba. Ƙananan bugu ne da ke maimaituwa shekara da shekaru, har wani sinadari mai suna tau ya taru ya lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Alamunta kan bayyana ne bayan mutum ya daɗe da barin wasa, kuma ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa.

Abin da ya biyo baya

Iyalansa, musamman 'yarsa Dawn, sun daɗe suna matsa wa hukumomin ƙwallo lamba, kuma a 2015 suka kafa gidauniya da sunansa. A 2019 binciken da Stewart ya jagoranta a Jami'ar Glasgow, kan tsoffin 'yan wasan Sikotilan sama da 7,000, ya nuna cewa yiwuwar mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Daga baya aka gano cewa haɗarin ya fi yawa ga 'yan baya, waɗanda suka fi sa wa ƙwallo kai, alhali na masu tsaron raga bai wuce na sauran mutane ba. A 2020 Ingila da Sikotilan da Arewacin Ayilan suka hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallo da kai a lokacin atisaye.