ZAƁEN MAKARANTA DA AUNA DAMAR SAMUN GURBI GA ƊALIBI MAI SHA'AWAR KARATUN KASUWANCI

1.0 Gabatarwa

Kasuwanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatauci ake koyon ciniki a gaban iyaye da iyayen gida, ba tare da shiga aji ba. A yau kuwa, harkar ta faɗaɗa har ta zama fannin ilimi mai rassa, kamar Gudanar da Kasuwanci da Akanta da Harkar Banki da Kuɗi da Dabarun Sayar da Haja da Inshora. Wannan ya sa ɗalibai da dama da suka gama sakandare suke neman gurbi a waɗannan kwasa-kwasai, amma kaɗan ne suke dacewa. Sau da yawa ba rashin ƙoƙari ne yake hana ɗalibi samun gurbi ba, rashin sanin yadda ake zaɓe ne. Wannan maƙala za ta bayyana ire-iren makarantun da ake karatun kasuwanci a Nijeriya, da sharuɗɗan shigarsu, da yadda ɗalibi zai auna damarsa.

2.0 Ire-iren Makarantu

Manyan makarantun da ake karatun kasuwanci iri uku ne, kuma kowane yana da hukumar da take kula da shi.

Na farko su ne jami'o'i, waɗanda suke ƙarƙashin hukumar NUC. A nan ake yin digiri na shekara huɗu. Daga cikin tsofaffinsu a Arewa akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Saboda daɗewarsu da sunan da suka yi, masu neman su suna da yawa ƙwarai.

Na biyu su ne kwalejojin kimiyya da fasaha, watau foliteknik, waɗanda hukumar NBTE take kula da su, kamar ta Kaduna da ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Ɗalibi yakan yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ya fita koyon aiki na shekara ɗaya, sa'an nan ya dawo ya yi babbar difloma ta shekara biyu. Karatunsu ya fi karkata ga aiki da hannu.

Na uku su ne kwalejojin ilimi, waɗanda suke ƙarƙashin hukumar NCCE. A cikinsu akan koyar da Ilimin Kasuwanci na shekara uku domin samun takardar shaidar malanta ta ƙasa, watau NCE. Kwalejojin Ilimi na Tarayya na Fasaha da ke Bichi da Gusau da Gwambe da Potiskum sun shahara a wannan fanni. Wanda ya gama zai iya koyarwa, ko ya riƙe littafin shagonsa da kansa, ko ya wuce jami'a.

3.0 Sharuɗɗan Shiga

Sharaɗi na farko shi ne sakamakon sakandare. A jami'a ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, waɗanda suka haɗa da Turanci da Lissafi. Mafi yawan jami'o'i suna neman Tsimi da Tanadi ma, tare da darussa irin su Kasuwanci ko Akanta ko Nazarin Gwamnati. Lissafi shi ne ya fi kayar da ɗalibai, domin wasu suna zaton cewa tun da sun guje wa kimiyya, sun rabu da shi ke nan. Ba a karatun kasuwanci ba tare da Lissafi ba. Har wa yau, wasu makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu, wasu kuwa sukan fifita mai zama ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A 2010 aka fara yin jarrabawa ɗaya domin shiga dukkan manyan makarantu, kuma daga 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta. Darussa huɗu ake zaunawa, jimillar maki 400. Mai neman kwas na kasuwanci yakan ɗauki Turanci da Lissafi da Tsimi da Tanadi, da wani darasi ɗaya daga fannin zamantakewa. Kuskure a wannan haɗi yana iya ɓata komai, ko da ɗalibi ya ci maki mai yawa. Saboda haka wajibi ne a karanta kundin bayanin kwasa-kwasai na hukumar kafin a yi rajista.

4.0 Yadda Ake Raba Guraben Karatu

A jami'o'in Gwamnatin Tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da suke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka a matsayin waɗanda suke baya a ilimin zamani, kamar Jigawa da Zamfara da Kebbi da Yobe. Alal misali, idan sashe yana da gurbi 100, to 45 kaɗai za a fafata a kansu da duk 'yan ƙasa. Ke nan ɗalibin da ya nemi jami'ar da jiharsa take cikin yankinta yana da ƙofa fiye da ɗaya, wanda ya nemi ta nesa kuwa galibi ƙofar cancanta kawai gare shi. Jami'o'in jiha su kuma sukan fifita 'yan asalin jiharsu.

Bugu da ƙari, manufar ilimi ta ƙasa ta ba fannin kimiyya kashi 60 na gurabe a jami'o'i, ta bar 40 ga sauran fannoni. A foliteknik rabon 70 da 30 ne. Ɗalibin kasuwanci yana takara ne a cikin ƙaramin kason.

5.0 Auna Damar Samun Gurbi

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne bambancin da ke tsakanin mafi ƙarancin maki na ƙasa da makin da sashe yake ɗauka. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, da 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Wannan izinin tsayawa a layi ne kawai, kuma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Sashen Akanta ko na Gudanar da Kasuwanci a babbar jami'a yakan cika da masu maki da ya zarce haka da nisa.

Abu na biyu shi ne tantancewar da makaranta take yi da kanta, wadda aka fara a 2005. Wasu jami'o'i sukan raba makin JAMB gida takwas domin ya zama kashi 50, sa'an nan su haɗa da rabin makin jarrabawar tantancewa. A ɗauka ɗalibi ya sami 240 a JAMB, watau 30, ya ci 60 cikin 100 a tantancewa, watau 30. Jimillarsa 60. Wani kuma ya sami 208, watau 26, ya ci 76, watau 38. Jimillarsa 64, ya wuce na farko. Wasu makarantu kuwa sukan sa maki ga darajar kiredit ɗin sakandare. Ya kamata ɗalibi ya san tsarin makarantar da ya nema, ya yi wa kansa wannan lissafi.

Abu na uku shi ne zaɓin farko. Fom yana ba da damar zaɓen makaranta fiye da ɗaya, amma manyan jami'o'i sukan cika gurabensu daga waɗanda suka sa su a farko. Idan sakamako ya fito bai kai ba, hukumar tana ba da damar canjin makaranta ko kwas. Wanda ya nace wa wurin da makinsa bai isa ba yakan yi asarar shekara guda a gida.

Haka kuma, tun daga 2017 duk gurbi yana bi ne ta tsarin intanet na hukumar mai suna CAPS, inda ɗalibi zai karɓa ko ya ƙi. Duk gurbin da bai bi ta nan ba ba halattacce ba ne, kuma yana iya hana mutum zuwa hidimar ƙasa. A guji masu karɓar kuɗi da alkawarin samo gurbi.

6.0 Sauran Abubuwan Lura

Dole ne a tabbatar cewa hukumar da abin ya shafa ta amince da kwas ɗin a wannan makaranta. A kuma duba ƙarfin aljihun iyaye, watau kuɗin rajista da masauki da abinci da mota, domin shiga daban, ƙarasawa daban. Dokar lamunin ɗalibai ta 2024 ta buɗe hanyar rance ga ɗaliban makarantun gwamnati, sai dai bashi ne da za a biya.

Wanda bai sami jami'a kai-tsaye ba, hanya ba ta toshe ba. Mai difloma ko NCE ko sakamakon IJMB zai iya shiga aji biyu na jami'a. Mai son zama ƙwararren akanta kuwa, ko daga ina ya fito, sai ya nemi shaidar ƙungiyar ƙwararru kamar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN.

7.0 Kammalawa

An ga cewa samun gurbi ya dogara ga haɗin darussa da yawan maki da yankin makaranta da tsarin tantancewarta. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, shiri yana farawa ne daga aji ɗaya na babbar sakandare, lokacin da ake zaɓen darussa. A nan nauyi yake kan malamai, musamman ɗaliban kwalejojin ilimi da za su tsaya gaban aji gobe, su san waɗannan ƙa'idoji domin su shiryar da yara da iyayensu.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo bambanci biyu tsakanin karatun kasuwanci a jami'a da a foliteknik.
2. Idan sashe yana da gurbi 200 a jami'ar tarayya, nawa za a bayar bisa cancanta?
3. Rubuta wa ƙanenka wasiƙa kana ba shi shawara kan zaɓen makaranta.