Tatsar nono da mutum-mutumi: ina gonakin Abuja suka dosa?

A shekarar 1992 kamfanin Lely na ƙasar Holan ya fito da na'urar da ke tatsar saniya ba tare da hannun mutum ba. Saniya ce ke kai kanta wurin, na'urar ta gane ta da alamar da ke wuyanta, ta wanke hantsa, ta laƙa bututu, ta auna madarar. Abin da ya yaɗa ta a Turai shi ne tsadar ma'aikata da ƙarancinsu.

A Najeriya wata buƙata ce dabam ta taso da zancen gonar madara ta zamani. A 2019 Babban Banki ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara wajen shigo da madara, ya kuma matsa wa kamfanoni su samar da ita a gida. Daga nan Nestlé ya shiga hurumin kiwo na Paikon Kore da ke Gwagwalada, ya kafa wurin tara madara da sanyaya ta. Kamfanin Arla ya buɗe gonarsa a Damau ta jihar Kaduna a 2023. A 2024 aka ƙaddamar da manufar madara ta ƙasa a Abuja, aka kuma ƙirƙiri Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo.

Mai son na'urar tatsa a irin waɗannan gonaki dole ya fara da zanen garken, domin ba a kora saniya zuwa gare ta. Tsari biyu ake bi. A na farko saniya tana da 'yancin zuwa makwanci ko wurin ci ko wurin tatsa yadda ta ga dama, ɗan abinci mai daɗi da ake zuba mata a cikin na'urar ne ke jawo ta. A na biyu ƙofofi ne ke tilasta mata bi ta wurin tatsa kafin ta kai ga abinci. Kowanne aka zaɓa, ana bukatar hanyoyi masu faɗi don kada manyan shanu su tare wa ƙanana, da fili a gaban na'urar, da keɓaɓɓen wuri na marasa lafiya, da daɓen da ba ya santsi, tunda gurguwar saniya ba ta zuwa tatsa.

Lissafin kuɗin ne ke da wuya. Na'ura ɗaya tana ɗaukar shanu kusan 60, farashinta kuma ya haura dala dubu ɗari. Saniyar Holstein da ke ba da lita 30 a rana tana iya biyan wannan kuɗi. Bunaji da Bokoloji, waɗanda suka cika rugagen Gwagwalada da Bwari, lita ɗaya zuwa biyu suke bayarwa, sau da yawa ma sai ɗan maraƙi yana kusa nonon ke saukowa. Holstein kuwa ba ta jure zafin Abuja na watan Maris sai da rumfa mai tsayi da fanka da feshin ruwa. Ga wuta: na'urar dare da rana take aiki, in aka ɗauke babu janareta ko sola, shanu za su tsaya da hantsa cike.

Akwai kuma batun mata. A ruga nono na matar gida ne, da kuɗin fura da nono take riƙe kanta. Duk tsarin da ya mayar da tatsa hannun na'ura da mai jari zai taɓa wannan kuɗin.

Don haka mai gina gona a Abuja yau zai fi cin riba in ya sa kuɗinsa a inuwa, rijiyar burtsatse, noman ciyawa, tankin sanyaya madara da shanun da aka barbara da na waje, irin aikin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yi. Ya bar filin na'urar a cikin zane, ya saye ta ranar da madarar garken ta isa biyan kuɗinta.